Wata Ashirin na Alhaji Seidu

Ƙarshen bazara ne, irin wadda ruwa ke yin alkawari kullum da la'asar ya saɓa. Hadari zai haɗo ta gabas, mata su jera bokitai a bakin indararo, iska ta kwashe wa mutane shanya, shi ke nan ya watse. Rijiyoyin Salaga sun ja baya har sai da muka ƙara wa guga igiya. A kasuwa kuwa, kuɗin da aka faɗa maka da safe ba shi za ka tarar da yamma ba. Shekarar ce duk ɗan hayar da na gaisar sai ya amsa mini da labarin tsadar masara, tun ban buɗe baki ba. Cikin wannan zafin Allah ya karɓi ran Hajiya Adisa, uwar ɗakina, mai gidan hayar da na yi shekara goma sha tara ina kula da shi.

Na ɗauko labarin shekarar ne saboda 'yata Rahina da ƙawayenta. Su yanzu sai su ɗauki hoton ɗaki da waya, su tura wa mutane, su ce sun yi dillanci. In sun zo suka same ni zaune a inuwar zaure sai su ce, Mma ke kam kin huta, aikinki zama ne ana kawo miki kuɗi. Ba na yi musu gardama. Zaman dai gaskiya ne, ana yin sa. Kawo kuɗin ne ban cika gani ba.

Ni Memunatu, da 'ya'ya uku na shiga gidan, bayan rasuwar mahaifinsu. Hajiya ta ba ni ɗakin bakin zaure ba haya, ni kuma in share gida, in riƙe makullai, in karɓo mata kuɗin ɗakuna goma sha huɗu da shago ɗaya. Yarjejeniyar ke nan, kuma da baki aka yi ta, kamar komai na gidan.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai zoben makullai da nake ɗaurewa a bakin zane, da kujera 'yar tsuguno, da tsintsiya. Akwai wani ƙaton kwaɗo da Hajiya ta sayo a Kumasi. Ba a taɓa rufe ɗakin kowa da shi ba, aikinsa kawai a rataye shi a ƙusa ranar ɗaya ga wata inda mai fita zai gan shi. Littafi daga baya ya zo. Hajiya da ka take riƙe lissafi, da kuma zanen gawayi a bayan ƙofarta. Sai da na haura talatin na shiga makarantar manya, muna zama bayan la'asar a ajin yara, gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Ranar da na iya rubuta sunan kowane ɗan haya da hannuna, na sayi littafi mai baƙin bango, na ɗaure wa biro zare don 'yan aro.

Amma babban kayan aiki tsintsiya ce. Mai shara ba a ɓoye mata komai. Mutum zai rantse miki ba shi da ko sisi, ki zagaya bayan ɗakinsa ki share gashin zabo. Wani ki ga kwalin sabon takalmi. Wani kuma ki yi sati ba ki share ko ɓawon albasa a ƙofarsa ba, to wannan kada ki tsaya masa da makullai, ki aika masa da tuwo. Ɗan hayar da ya fara kukan rufi na yoyo saura kwana biyu wata ya mutu, alhali ba a yi ruwa ba, ki sani watan nan ba naki ba ne.

Hajiya ce ta koya mini ƙa'idojin, ɗaya bayan ɗaya, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Ba a tambayar mutum kuɗin haya kafin ya karya kumallo. Ba a tambayarsa gaban baƙonsa, balle surukinsa. Ba ranar Juma'a, ba cikin azumi, ba gidan da aka yi rasuwa ko haihuwa sai an share kwana arba'in. In kika zauna kika cire waɗannan duka, kwanakin da suka rage a shekara ba za su gajiyar da mai ƙirga ba. Kuma ko a cikinsu, ba a kiran sunan kuɗi. Gaisuwa ake yi. Ki tsaya a bakin ƙofa da makullai a hannu inda zai gan su, ki tambayi gajiya, ki tambayi yara, ki tambayi kasuwa, sai ki yi shiru. Shirun shi ne tambayar. Mai shi zai sunkuyar da kai ya ce, Mma, ina sane. Ke kuma ki ce Allah ya hore, ki wuce. Hajiya takan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba ya ruɓa, don haka babu dalilin da za ki ci mutuncin mutum a kan abin da zai jira.

Kada ku yi dariya, hanyar tana aiki. Na tuna wani Yakubu mai gyaran babur da ya tara wata huɗu. Na riƙa gaishe shi sau uku a yini, da safe, da azahar, da kuma in ya dawo, kowace gaisuwa cikakkiya har da tambayar lafiyar kakarsa da ke ƙauye. A kwana na goma sha ɗaya ya fito da kuɗi a dunƙule cikin hula, ya ce don Allah da zaginsa na yi da ya fi samun sauƙi. Da kunya muke karɓar haya, kuma yawancin mutane suna da ita.

Seidu mai doya shi ma yana da kunya, sai dai tasa mai kyan ajiya ce. Lokacin bai je Makka ba. Ɗaki biyu ya kama da shagon da ke kallon titi, inda yake jibge doya kafin manyan motoci su kwashe zuwa kudu. Shekara uku yana biya tun wata bai mutu ba. Sai wata damina motar da ta ɗauki kayansa ta kafe a hanya, doya ta ruɓe a ciki. Daga nan na fara tsayawa a ƙofarsa da makullai. Ba wanda ya kai shi iya karɓar gaisuwa. Kafin in yi shiru ya riga ya sa matarsa ta kawo mini ruwa.

Bai gudu ba, wannan dole in faɗa. Da rana tsaka ya tashi, cikin kaka, ya bi ɗaki ɗaki yana sallama, ya ce Yendi zai koma wurin ɗan'uwansa. Duk gidan muka taya shi loda kaya, ni na ɗauki turmin matarsa a ka. Ya durƙusa gaban Hajiya ya ce, Hajiya, wata ashirin ne, ina sane. Ta ce Allah ya hore, ta ƙulla wa matarsa daddawa. Shaidun maganar nan, ni ce da tabarma.

Da kaka ta zagayo, Hajiya ta ba ni kuɗin mota ta ce in je Yendi in gaishe shi. Na tarar mahaifiyarsa ta rasu da kwana goma. Na yi ta'aziyya, ya ce yana sane, na dawo da doya shida da zabo ɗaya. Shekara ta biyu na sauka ana gobe suna, aka ba ni wuƙa na taya yanka albasa, na dawo da turmin atamfa. Shekara ta uku na tarar an shafa wa gidan sabon fenti, mutane na shiga suna fita, ashe ya dawo daga Makka. Ba a tambayar sabon alhaji bashi, albarka ake nema a wurinsa. Ya ba ni dabino da zamzam da carbi biyu, ɗaya nawa ɗaya na Hajiya. Da na kawo mata, ta juya carbin a hannu ta ce ai ko ba komai kuɗinmu ya ga Ka'aba.

Shekara ta huɗu ɗan'uwansa na tarar, ya ce Alhaji ya koma Bawku, ya bar doya ya kama albasa da shanu. Ya ba ni lambar waya. Nakan kira, mu gaisa har katina ya ƙare, ya aiko da buhun albasa ta hannun direba. Shekara ta biyar Hajiya ta kwanta ciwo, ban je ko'ina ba. Kowace tafiya da kowane kira na rubuta a littafi, da kwanan wata, da abin da na dawo da shi, har zabon.

Bayan sadakar bakwai, babban ɗan Hajiya, Mutala, wanda ke sayar da kayan mota a Kumasi, ya kira ni zaure ya karɓi littafin. Yaro ne da ya girma a gabana, amma ranar nan Mma Memuna ya kira ni, sunan a cike. Ya buɗe shafin Alhaji Seidu ya daɗe yana kallo. Ashe maƙwabta sun riga sun ba shi labarin yadda nake dawowa daga Yendi kowace shekara da kaya niƙi-niƙi. Ya ce shi bai taɓa ganin mai bin bashi da ake yi wa atamfa ba sai in an sasanta a gefe. Ya ce abu biyu ne, ko na karɓa na ci, ko in nuna masa ban karɓa ba. Zai zauna har sadakar arba'in. In ranar ta wuce babu kuɗi babu hujja, in ajiye makullai, ɗakin zaure kuma akwai wanda zai biya adibas na shekara biyu a kansa. Lokacin autana yana shekarar ƙarshe a sakandare, Rahina na koyon ɗinki a bakin ƙofar ɗakin nan.

Wani ticha da ke ɗaki na tara ya ce in je ofishin da ke sauraron rikicin haya, su rubuta wa Alhaji sammaci. Na yi wanka na sa mayafin Juma'a, na tafi da littafi. Wadda na tarar yarinya ce, ba ta girmi Rahina da yawa ba, tana Hausar zango tana haɗawa da Turanci. Ta ba ni kujera, ta karanta shafin tsaf, har ta yaba rubutuna. Sannan ta jawo kalanda ta fara ƙirga baya da bakin biro.

Ta ce doka ta ba mai gida shekara shida ya nemi kuɗin haya a kotu, daga ranar da ya kamata a biya. Kuma ba a dunƙule ake lissafi ba, kowane wata da nasa shekara shidan. Ta ce a cikin ashirin ɗina, goma sha huɗu sun riga sun wuce, shida ne suka rage, kuma duk watan da ya kama, ɗaya zai bi 'yan'uwansa.

Na ce mata ai bashi ba ya ruɓa.

Ta ce, "Mma, doka ba ta ce ba ya ɗauke da bashi ba. Cewa ta yi kotu ta daina saurare. Ya taɓa rubuta miki a takarda cewa ana bin sa, ya sa hannu? In akwai wannan, lissafi sabo ake farawa."

Na ce ya faɗa da bakinsa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ta tambaya me ya ce. Na ce cewa yake yana sane. Ta ɗan yi murmushi ta ce ita ma ta yarda yana sane. Na nuna mata littafin, ta ce duk hannuna ne, babu nasa ko ɗigo. Wato shekara biyar da rabi ina tara hujja a kan kaina cewa na san inda yake, na je, na ci, na sha, ban nema ba. Abin da Hajiya ta koya mini da sunan mutunci, su a wurinsu sakaci ne sunansa. Ta ƙara da cewa wata shidan da suka rage, a tsohon kuɗi, da wuya su biya lauya. Gaskiyarta. Abin da zai sayi saniya lokacin da Alhaji ya tashi, a shekarar nan tunkiya ma sai an yi ciniki.

Na ranci kuɗin mota a wurin Rahina. Na kwana a Yendi wurin wata ƙanwar mijina, da safe na bi ta Gushegu, muka hau dutse muka gangara, har Bawku. Ranar kasuwa na sauka. Warin albasa ya tare ni tun daga tasha, ga shanu ana korawa kara, ga mutanen Burkina da na Togo ana ciniki da sidi, kuɗinmu, ana ciniki da sefa, kuɗinsu. Ban sha wuyar nemansa ba. Na farko da na tambaya ya nuna mini rumfa mafi tsawo.

Ya ƙara ƙiba, gemu ya yi fari. Da ya gan ni ya miƙe, ya ce yau uwarsa ta zo gari. Ya yi mini ta'aziyyar Hajiya har da share ido, ya aika gida a yanka zabi biyu. Bayan azahar ya zagaya da ni wani dogon gida da ya gina a bayan kasuwa, ɗakuna a jere kamar makaranta, duk na haya. Ya shiga ya fito da wata takarda bugaggiya ya nuna mini. Duk mai son ɗaki sai ya sa hannu a wuri uku, ya kawo mai tsaya masa shi ma ya sa hannu, ya biya adibas kafin ya ga makulli. Ya ce shi ba ya bin kowa ko na kwana ɗaya. Na tambaye shi inda ya koyi wannan tsari.

Ya ce, "A gidanku, Mma."

Bayan mun ci abinci na yi abin da ban taɓa yi ba. Na kira sunan kuɗin. Na ce Alhaji, wata ashirin na Hajiya na zo nema, magada sun tsare ni. Bai ɓata rai ba. Ya wanke hannu, ya goge, ya ce ai shi ya ji an ce gwamnati ta yafe masa goma sha huɗu, in ma bai yi kuskure ba goma sha biyar ne, tunda jiya wata ya mutu ina cikin mota. Lissafinsa ya fi na yarinyar ofis sauri. Ya ce wani lauya da ke sayen doya a wurinsa ne ya ba shi wannan ilimi, tun shekararsa ta farko a Yendi. Sai a lokacin na gane farashin zabo. Kowane ɗaya shekara guda ya saya.

Na ce to na bar maganar kuɗi. Ya rubuta mini layi biyu kawai, cewa bai taɓa ba ni ko sisi na haya ba, in kai wa Mutala, don ɗakina da sunana ne ke cikin haɗari. Ya girgiza kai a hankali, kamar mai hana yaro wasa da wuta.

"Mma, baki dai, ko nawa kike so zan ba ki. Hannu kuwa ba ya taɓa takarda."

Na dubi ƙashin zabo a kwano. Na shekara kusan biyar ina share ƙofar mutumin nan, na san abin da yake so fiye da kuɗi. Ko sunan ɗan maƙwabci ake yi, in dai an kawo lasifika, sai ya san yadda ta bi ta hannunsa. Sai na ce to Alhaji, ka kawo bakin Salaga ranar sadakar arba'in. Na ce za a kafa rumfuna a rufe titi, manyan zango duk za su zo, kuma ana neman wanda zai faɗi halin marigayiya a madadin waɗanda suka zauna a gidanta. Na ce ni dai ban ga wanda ya kai shi ba, ga shi alhaji, ga shi Allah ya ɗaukaka, mutane za su so su ji daga ina aka faro. Ya tambaya ko bayan sarkin zango zai yi magana ko kafinsa. Na ce bayansa, kai tsaye. Ya ba ni kuɗin mota da buhun albasa. Albasar na bari a tasha wurin wata mai abinci, don na gaji da dawowa gida da hujja a ka.

Da na dawo ban gaya wa Mutala komai ba sai cewa Alhaji zai zo da kansa. Na roƙi mai gabatarwa ya sa sunansa a jeri. Ban san me zai faɗa ba. Na dai san mutumin da ya tashi daga ba komai ba ya iya ba da labarin arzikinsa ba tare da ya faɗi zurfin ramin da ya fito ba.

Ranar Lahadi aka yi. Tun hantsi aka jera kujerun roba, mata muna baya wurin tukwanen shinkafa. Alhaji ya iso da farar babbar riga da rago a bayan mota, aka sanar da ragon sau biyu. Sarkin zango ya yi nasa gajere. Da aka miƙa wa Alhaji lasifika, ya fara daga doyar da ta ruɓe, ya faɗi yadda abokai suka guje shi, yadda ya sayar da babur. Na bar ludayi na matso bakin rumfa.

Ya ce, "Jama'a, baiwar Allah nan ta ajiye ni wata ashirin cur a gidan nan, ɗaki biyu da shago, ban ba ta ko sisi ba. Har ta koma ga Allah ba ta karɓi ko sisi a hannuna ba, ba ta kuma taɓa buɗe baki ta tambaye ni ba. Ga Mma Memuna nan, duk shekara gaisuwa kawai take aiko ta da ita."

Wuri ya ɗauki kabbara. Wasu mata suka fara sharar hawaye. Na duba inda Mutala yake zaune, na ga shi ma ni yake dubawa.

Limamin masallacin unguwa, Malam Issifu, wanda ke zaune a ɗaki na uku a gidan, shi ya karɓi lasifika don rufe taro. Ya ajiye abin da ya shirya ya kama wannan. Ya ce ga sadakar da hannun hagu bai sani ba, ga yadda ake gina gida a Aljanna da ɗakin haya. Ya ce wanda ya sassauta wa mai ƙunci, Allah zai sassauta masa, ya yi kira ga masu gidaje su yi koyi da Hajiya. Ya daɗe a kai. Sauran 'yan hayarmu suna sahu na biyu, ban taɓa ganin sun saurari wa'azi da natsuwa irin ta ranar ba. Har Yakubu mai babur yana gyaɗa kai.

Da la'asar, bayan an kwashe kujeru, Mutala ya same ni ina wanke tukwane. Ya tsaya ya rasa ta inda zai fara. Ya ce ya ji, duk gari ma sun ji, ban ci komai ba, in yafe masa. Na tambaye shi ko zai kai ƙara a kan wata biyar ɗin da suka rage, tunda yanzu ga shaidu cike da titi. Ya ce da wane ido? Gari guda ya shaida sadakar uwarsa ce, in ya nemi kuɗin, ya shiga kabarinta ya ƙwato mata lada ke nan. Alhaji ya zo da rago ɗaya ya tafi da wata ashirin, har an raka shi mota ana sa masa albarka.

Ya miƙo mini littafin. Ya ce, "Mma, riƙe makullanki, ɗakinki naki ne. Amma ladan Hajiya ya ishe mu haka. Ni da sauran raina, ban fara neman irin wannan ba tukuna."

To kun ji, 'ya'yana. Yau gida huɗu nake kula da su a Salaga, kuma har yanzu ina gaisuwa, ina tambayar yara da kasuwa, don wanda ba a gaishe shi ba ko yana da kuɗi sai ya ja rai. Ban daina aika tuwo ƙofar da babu ɓawon albasa ba. Abin da na ƙara kaɗan ne. Na san haƙuri yana da wa'adi a wurin gwamnati, kuma ita ba ta cire Juma'a da azumi a lissafinta. Ɗan haya mai biya ta waya ma da kuke taƙama da shi, in ya daina turowa, wayar ba za ta bi shi Bawku ba.

Washegarin sadakar na share gida kamar kullum. Na yago takardu daga tsakiyar littafin, na zauna a kujerata na rubuta wa duk mai bashi tasa, sunansa da watanninsa da kwanan wata, da layi a ƙasa. Bakwai suka kama. Na jera su bisa lambar ɗaki, ta sama ta zama ta ɗaki na uku, wata biyar.

Na sami Malam Issifu zaune a kan buzu a ƙofarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ban gajiyar jiya, na ajiye takardar a gabansa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya sake komawa sama. Ya ɗago ya ce, "Mma Memuna, ba ki ji wa'azin jiya ba ne?"

Na ce na ji, Malam, tun daga farko har ƙarshe, har na yi ƙwalla. Sannan na nuna masa inda zai sa hannu.